Kwana Talatin da Ɗaya

Yayana bai taɓa zagin mutum a gaban idonsa ba, a baya yake yi. Ba gulma nake nufi ba, bayan mota nake nufi. Shekara goma sha huɗu ya yi yana bin bayan motocin mutane a kan babur, yana zazzage musu abin da ke cikinsa a cikin hular kwano, inda ba mai ji sai shi da gilashin hular. Da ya sauka ya cire ta sai ka ga salihin mutum mai gaida kowa, har matan unguwa suna yi wa matarsa barka wai ta dace da miji marar baki. Ni da muka sha nono ɗaya na san bakin yana nan daram, a hanya yake ƙarar da shi.

Mai Akwati ake ce masa. Ni ce autarsu, kuma ni nake ɗibar jini a ƙaramin asibitin da ke can saman dutse. Ba mu da injin gwaji, sai a babban ɗakin gwaji da ke cikin gari, a ƙasa. Don haka kullum da hantsi nakan jera kwalaben jini a cikin wani akwatin roba mai ƙanƙara, in rufe, in sa hannu a takarda, Yaya ya ɗaure shi a bayan babur ya gangara da shi. Ƙarfe goma sha biyu daidai ake rufe tagar karɓa a ɗakin gwajin, a loda inji. Irin gwajin da muke aikawa ba ya jiran gobe. Abin da ya iso bayan an rufe taga zubarwa ake yi, masu jinin kuma su sake zuwa a sake huda su.

Tsakaninmu da tagar nan kwana talatin da ɗaya ne. Ba kwanan barci ba, kwanar hanya. Yaya ne ya ƙirga su, kuma da su yake tsokanar baƙi. In sabuwar ma'aikaciya ta tambaye shi nisan gari, sai ya sha mur ya ce, "Kwana talatin da ɗaya ne, amma ni a minti arba'in nake yin su." Ta yi tsuru-tsuru, mu kuma mu ƙunshe dariya. Hanya ce siririya, hannu ɗaya dutse, ɗaya hannun kwazazzabo. A duk tsawonta wuri uku ne kacal take miƙewa har mutum ya hango gabansa ya wuce wani: Dogon Layi, da Gaban Makaranta, da Bayan Gada. In waɗannan ukun suka kuɓuce maka, to ka zama jelar wanda ke gabanka har ƙasa.

Babanmu faci yake yi a gindin dutsen, a ƙarƙashin wata rumfar kwano da ba ta tare rana ba ta tare ruwa. A nan Yaya ya tashi, cikin ƙaurin roba da na birkin manyan motoci da suka gangaro da zafi. Karatu bai shige shi ba, hanya ce ta shige shi. Ya san kwanar da ruwa ke kwanciya a cikinta, da wadda tsakuwa ke zubowa in an yi ruwan sama, da wadda awakin wata tsohuwa suka mayar ɗakin kwana. Sau ɗaya ya taɓa faɗuwa da akwati, ya karya ƙashin wuya, aka sa masa ƙarfe a kafaɗa. Da ya farfaɗo a gadon asibiti bai tambayi matarsa ba, bai tambayi 'ya'yansa mata biyu ba, cewa ya yi, "Kwalaben sun fashe?" Ba su fashe ba. Matarsa, wadda tela ce, har yau in sun yi faɗa sai ta ce ya je kwalabe su ɗinke masa riga.

Bai taɓa ƙorafi a kan ruwa ko rami ko ciwon baya ba. Abu ɗaya ne ke hana shi sakat, masu rarrafe a hanya. In ya dawo da azahar ya zauna a bencin da ke bakin ɗakina yana cire safar hannu, nan zai fara.

"Ni ba na jin haushin mai kaya," in ji shi. "Mai kaya nauyi ne ya danne shi. Wanda ke ci min rai shi ne mai ƙaramar mota sabuwa fil, shi kaɗai a ciki, ya rungume sitiyari kamar an ba shi riƙon jariri, yana taka birki a kwanar da ko mai keke ba ya takawa. Ka yi haƙuri ka bi shi kwana shida, ka ce bari mu fito Dogon Layi in wuce. Da an fito sai ya tuna Allah ya yi wa motarsa totur. Ya fizga. Kana matsowa kwana ta zo, ya koma rarrafe. Auta, madubi uku aka sa masa, ko ɗaya ba ya dubawa. In ma ya duba, haƙoransa yake dubawa."

Na ce, "To Yaya, ka yi masa hon mana."

"In ka yi masa hon ya firgita ya ƙara taka birki. In ba ka yi ba bai san an halicce ka ba. Wannan ba tsoro ba ne, mugunta ce da ba ta san kanta ba."

Direbobin manyan motoci kuwa girmama su yake, don suna da yaren da suke yi da na bayansu. Mai babbar mota yana zaune a sama, yana hango abin da mai babur ba ya gani. In ya kunna sigina ta gefen bakin hanya, ma'anarta na ba ka hanya, gaba babu kowa, wuce. In ya kunna ta gefen tsakiyar titi, ma'anarta kar ka fito, wani na tafe. Ba a makaranta ake koyar da wannan ba, ba a rubuce yake a ko'ina ba, amma duk wanda ke cin abinci a hanyar nan ya san shi. Yaya yakan ce da ƙyaftawar fitilar nan ya yi shekara goma sha huɗu bai mutu ba. In an ba shi hanya ya wuce, sai ya ɗaga hannun hagu, direba ya amsa masa da hon ɗaya gajere. Da yawansu bai taɓa ganin fuskarsu ba, amma yana ce musu 'yan'uwa.

Ana nan aka kawo sabon manaja a kamfanin da ke da babur da akwatin. Yaro ne mai tsabta, mai ƙamshi, wanda bai taɓa hawa dutsen nan ba sai a taswirar da ke cikin kwamfutarsa. Ya sa aka liƙa wa babur wata 'yar na'ura a ƙarƙashin kujera, wadda ke kai masa rahoton gudun da ake yi. Ya fitar da doka: wanda ya wuce sittin, takardar gargaɗi. Wanda ya kai akwati bayan an rufe taga, takardar gargaɗi. Takarda uku, a karɓe akwati a ba motar ofis. Yaya ya ce masa, "Ranka ya daɗe, in ban taka a wuri ukun nan ba, ba zan wuce kowa ba. In ban wuce kowa ba, zan makara." Manaja ya ce, "Ka riƙa tashi da wuri mana."

Tashi da wuri. Maganar da ta fi kowace sauƙi a bakin wanda ke zaune a ƙarƙashin fanka. Mutanen bayan dutse da ƙafa suke zuwa, tafiyar awa biyu, wasu uku, kuma ba su ci komai ba don haka gwajin ke bukata. Sai goma da rabi suke isowa, ƙafa duk taɓo, leɓe a bushe. Don su ne Yaya ke tsayawa har sha ɗaya. Da ya so kansa da tara ya riƙa tashi, ya gangara yana fito, ba wanda zai ce masa ƙala.

Cikin wata biyu ya samu takarda biyu. Ta farko don ya taka saba'in a Dogon Layi ya wuce wata motar 'yan yawon buɗe ido da ke tafiya suna ɗaukar hoton kwazazzabo ta taga. Ta biyu don ya ƙi takawa, ya bi bayan wani mai koyon mota tun daga sama har ƙasa, ya tarar an rufe taga. Ya kawo min su biyun ya shimfiɗa a teburina, ɗaya kusa da ɗaya, ya ce, "Ke da kika yi karatu, karanta min wacce zan bi." Saura takarda ɗaya. Daga ranar ya daina zama a benci da azahar.

Ranar da abin ya faru Talata ce. Sha ɗaya saura minti biyar na gama jera kwalabe ashirin da biyar, sai ga wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, da takardar likita a ƙulle a bakin zane. Daga bayan dutse take. Jikinta ya bushe, jijiyoyinta sun ɓuya. Na ɗaure hannun dama na laluba na soka, babu. Na koma hagu na soka, babu. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa da hula a kai, yana kaɗa makulli.

"Auta, sha ɗaya ta yi."

"Minti biyu, Yaya."

"Auta."

"To in ce mata ta koma? Ka faɗa mata da bakinka."

Ya dubi tsohuwar, ita ma ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan." Ya daina kaɗa makullin. A bayan tafin hannu na samu jijiya, a suka ta uku. Ƙarfe sha ɗaya da minti takwas ya tayar da babur. Na yi lissafi a raina: da dokar sittin minti arba'in da biyar yake yi, ke nan yana da rarar minti bakwai. Na ce ba komai, na wanke hannu na kira na gaba.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, amma na ji shi daga bakinsa sau da yawa har na haddace. A kwana ta huɗu akwai wata hanyar burji da ke fitowa daga inda ake fasa dutse. Yana isowa sai ga wata babbar mota ta riga shi shigowa kwalta da taku kaɗan, ta sha lodin dutse har tana nishi, tana gangarawa a giya ta ɗaya. Bai san motar ba, lambarta ma ba ta wajenmu ba ce. Bai damu ba, ya ce mai kaya ne, ɗan'uwa ne, a Dogon Layi zai ba ni hanya.

Suka fito Dogon Layi. Ya matso, ya sauke giya, ya shirya. Sai sigina ta tsakiyar titi ta kama ƙyaftawa. Kar ka fito. Ya koma ya lafe. Ya jira motar da ke tafe ta wuce, har shimfiɗar ta ƙare ko kaza ba ta gifta ba. Ya ce wataƙila direban ya hango wani abu ne da ya kauce. A Gaban Makaranta aka sake, sigina ta tsakiya, ya lafe, ba abin da ya zo. Nan ya fara zagi a cikin hula. Ya duba agogo, sha biyu saura ashirin da biyar, kuma ko rabin hanya ba a yi ba.

Kafin gada akwai wata kwana da suke ce wa Gwiwar Hannu, wadda ba ka ganin abin da ke taku goma a gabanka. Suna dosarta sai sigina ta gefen bakin hanya ta kama. Wuce. Yaya ya ce zuciyarsa ta ce masa a nan? Amma shekara goma sha huɗu fitilar nan ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, kuma na sama ya fi shi gani. Ya murɗa totur ya fito.

Tankar mai ce ta cika hanyar, tana hawowa. Ya ce bai ga mota ba, ƙarfen gaba kawai ya gani da idon direban. Bai san yadda ya yi ba. Ya matse birki, ya kwantar da babur ya koma, madubinsa ya daki jikin tankar ya tarwatse, gwiwarsa ta gogi ƙarfen bayan motar dutsen har wando ya yage. Ƙiris ya rage a kwashe shi a buhu. Abin da ya fara yi da ya daidaita shi ne ya miƙa hannu baya ya taɓa akwatin. Yana nan.

Suka fito Bayan Gada, shimfiɗa ta ƙarshe kuma mafi tsawo. Sigina ta tsakiya ta sake kamawa. Wannan karon ya leƙa da kansa, ya ga hanya fayau har ƙarshenta, ba kowa. Da ya fito da ya isa da sauran minti biyu ko uku. Ya ce min, "Auta, na ce wa hannuna murɗa, ya ƙi." Haka ya bi bayan motar nan yana shaƙar ƙaurin birkinta, kwana goma sha ɗaya, har gindin dutse.

Sha biyu da minti goma sha ɗaya ya isa. Taga a rufe. Matar da ke karɓa ta san shi tun tana sabuwar ɗauka, ta leƙo ta ƙofar gefe ta ce, "Mai Akwati, wallahi inji ya riga ya tashi." Ta ga jini a gwiwarsa ta ce ya shigo a wanke masa. Ya ce a'a. Ya ajiye mata akwatin ya juya.

Tashar manyan motoci ya nufa, kusa da inda rumfar Baba take a da. Ya samu motar dutsen a fake, direban yana zuba wa tayoyi ruwa suna tururi. Yaya ya kafe babur, ya cire hula. Ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya yi niyyar zagin mutum ido da ido, kuma ya ce ya tanadi zagin da zai kai har kakanni. Direban ya waiwayo, dattijo ne mai farin gemu, da tawul a wuya. Yana ganin baburin fuskarsa ta washe.

"Kai ne mai baburin nan? Alhamdu lillahi. Ɗana, ka tsorata ni. Sau uku ina ba ka hanya ka ƙi fitowa, sai inda na ce ka tsaya nan ka fito. Na ce yau yaron nan zai mutu a idona."

Yaya ya ce, "Sau uku kana ba ni hanya?"

"Sau uku. Har rage gudu na yi maka, na matsa gefe. Ba ka ga fitila ba?"

"Na ga fitila, Baba. Ta tsakiya ka kunna."

"To ai ita ce. Ta tsakiya, fito ta nan ka wuce. Ta gefe, koma gefe ka lafe. Fitila inda za ka bi take nuna maka. Haka muke yi a wajenmu tun ina yaron mota." Ya tsaya ya dubi fuskar Yaya. "Nan ba haka ba ne?"

"Nan ba haka ba ne."

Dattijon ya ajiye bokitin a hankali. Ya ce yau ce ranarsa ta farko a hanyar, ba wanda ya faɗa masa. Ya ce, "Ka yafe ni, ɗana. Wallahi alheri na nufa." Ya shiga mota ya ɗauko gorar ruwa mai sanyi ya miƙa masa, ya durƙusa yana duba gwiwar. Yaya ya ce ya tsaya da zagin nan a bakinsa, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya karɓi ruwan ya sha. Har godiya ya yi.

Da yamma da ya ba ni labari, wannan wurin ne ya fi ci masa rai, ba tankar ba. Ya ce, "Shekara goma sha huɗu ina bin bayan mutanen da ba su san ina raye ba, ba su kashe ni ba. Yau na samu wanda ya dube ni a madubi, ya ji tausayina, shi ne ya kusa aika ni lahira. To wa zan zaga?"

Washegari takarda ta uku ta fito. Yaya ya yi wa manaja bayanin fitila, ta gefe da ta tsakiya, da wajenmu da wajensu. Manaja ya saurara har ƙarshe, ya ce, "A dokar hanya babu wannan yaren. Sigina ta mai juyawa ce." Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Na ɗauki hutun rabin yini na gangara da kaina na same shi, na ce laifina ne, ni na riƙe shi minti takwas. Ya ce takarda lokacin isowar akwati take rubutawa, ba lokacin da aka samu jijiya ba. Na faɗa masa maganganu, ciki har da cewa ranar da jininsa zai shiga kwalba ina fatan a ɗora shi a bayan kunkuru. Ya rubuta sunana. Yaya ya ajiye makulli da hular kamfani a kan teburin, ya goge kujerar baburin da hannun riga kamar yadda ya saba, ya fito da ƙafa.

Mutum ashirin da shida na aika wa su dawo. Goma sha tara suka dawo. Tsohuwar ba ta cikinsu, kuma har yau ban san abin da likita yake nema a jininta ba.

Yaya bai taɓa ɗora min laifi ba, kuma wannan ya fi min ciwo da a ce ya zage ni. In na tayar da maganar sai ya ce, "Minti takwas ɗinki ba su ne ba." Amma ni na iya lissafi. Da sha ɗaya ya tashi, da ya wuce kwana ta huɗu tun motar dutsen tana kan burji.

Aka ba motar ofis akwatin. Ita tara da rabi take tashi, don sai ta biya wasu asibitoci biyu, kuma ba ta sauri. Bayan sati uku suka gane direban bai san kan takardun ba, yana haɗa na wannan asibiti da na wancan, sai suka aiko wa Yaya wai in yana so ya zo ya riƙa rakiyar akwati. Aikin shi ne ya zauna a kujerar gaba, ya riƙe, ya sa hannu. Ya ce gara ya yi dako. Matarsa ta kashe keken ɗinki ta ce masa shekararsa arba'in da shida, da ƙarfe a kafaɗa, da 'ya'ya biyu a makaranta, ya faɗa mata wane dakon. Ya karɓa.

Tun da ya koma, ni da shi muka ƙulla wata 'yar dabara ba tare da mun yi maganarta ba. In tara da rabi ta yi, sai ya buɗe akwati ya kama duba lambobin kwalabe ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai koyon karatu. In ya gama ya ce bai gane rubutuna ba, a sake. Direba yana waje yana hon. Da haka nake samun minti goma sha biyar, wani lokaci ashirin, in ɗebi jinin mutum biyu ko uku daga masu sammakon bayan dutse. Sauran in sun iso sai dai in ba su haƙuri.

Wata Alhamis na bi su zuwa gari don in karɓo allurai, na zauna a baya. Direban saurayi ne mai ladabi, hannu biyu a sitiyari, yana taka birki tun kafin ya ga kwana. Yaya yana gefensa da akwati a cinya, hannu biyu a kan murfi. Ban taɓa ganinsa a hanyar nan ba hula ba, sai na ga ashe furfura ta cinye masa ƙeya.

A kwana ta shida wani mai babur ya cim mana, da buhuna biyu a ɗaure a baya. Ya matso, ya koma, ya leƙa, ya koma. Na ga Yaya ya kafe madubin gefensa da ido, ƙafarsa ta hagu tana motsi a ƙasa kamar mai canja giya. Da muka doshi Dogon Layi ya miƙa wuya ya hango gaba, ya ce wa direban, "Ba kowa. Ba shi sigina ya wuce."

Direban ya ce, "An hana mu, Malam. In ya fito ya yi karo, mu za a kama." Yana faɗa yana ƙara wuta, don hanya ta miƙe.

"To rage masa kaɗan."

"Mun riga mun makara a sama."

Yaya ya sauke gilas ya fitar da hannu yana yafito mai baburin. Direban ya ce, "Malam, esi a kunne yake, akwati zai ɗumama," ya danna maɓallin da ke gefensa. Gilashin ya fara hawa. Yaya ya bar hannun a waje har gilashin ya taɓa shi, sannan ya janye ya mayar kan murfin akwatin. Shimfiɗar ta ƙare, kwana ta zo, direban ya taka birki. Mai baburin ya yi hon ɗaya mai tsawo a bayanmu.

Yaya bai ƙara duba madubi ba, ko a Gaban Makaranta, ko a Bayan Gada. Da muka tsaya a bakin ɗakin gwaji ya sauka ya miƙa akwati, ya sa hannu, ya dawo ya same ni ina jiran a buɗe min sito. Ya tsaya kusa da ni yana kallon ƙasa.

"Auta," ya ce, "daga gobe ki riƙa rufe akwati da wuri. Rubutunki ina gane shi. Tara da rabi muke tashi."

Na ce, "Mutanen bayan dutse fa, Yaya?"

Ya ce, "Su riƙa tashi da wuri."